Kunnen Ɗanlami Mai Rediyo

Duk wanda ya sayi rediyo a Gusau a shekarun nan, in dai yana son kansa da arziki, sai ya biya ta rumfar Ɗanlami kafin ya kai gida. Ɗanlami ba mai sayarwa ba ne, mai gyara ne, a wata 'yar rumfar kwano a bakin kasuwa, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da batir. Masu gyara sun fi goma a layin, wasu ma sun fi shi kayan aiki. Abin da ya yi masa suna kunnensa ne. Uba zai saya wa 'yarsa rediyo mai kaset na kayan ɗaki, sai ya ce da mai kanti a dakata, bari a kai wa Ɗanlami ya saurara. Shi kuwa zai kunna, ya karkata kai, ya miƙa kunnen dama, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Daga nan ko ya ce, "Ɗauka," ko ya ce, "Maida." Ba ya ƙara kalma, kuma ba ya saurare sau biyu. Wanda ya ce a mayar, in mutum ya yi taurin kai ya riƙe, rediyon ba ya ganin damina biyu.

Karkata kan nan har ya zama yayi. Sauran masu gyaran suka ɗauka a nan asirin yake, sai ka bi layin ka ga ƙarti goma kowa ya langaɓe wuya a kan rediyo kamar masu ciwon haƙori. Ɗanlami yakan dube su ya yi murmushi. Me zai ce? Kunnensa na hagu a mace yake, murus, tun kafin ya taɓa riƙe sukudireba.

Mutumin Bungudu ne, ɗan manomi. Yana da shekara goma sha huɗu aka ba kawunsa shi, mai injin niƙa a bakin kasuwar garin. Shekara tara ya yi a tsaye wuri guda yana zuba dawa da gero, injin yana ruri a daidai kafaɗarsa ta hagu, daga hantsi har la'asar. Da farko in ya tashi aiki kunnen yakan yi ta kuka, ya huce kafin safe. Daga baya ya daina hucewa. Daga baya kuma ya daina kukan, ya daina komai. Ba wanda ya ce masa ya toshe da auduga, ba wanda ya ce ya riƙa sauya ɓangare. Kawun ma da ya ga yana kira ba a amsawa, cewa ya yi yaron ya fara raina mutane.

Ya gudo Gusau ya koyi gyaran rediyo, sai Allah ya zuba masa duk jin da ya rasa a cikin kunnen da ya rage. Rediyon lokacin baki ɗaya gare shi, kunne ɗaya ya ishe shi. Da masu baki biyu suka fara shigowa, ai abin hannu ne, sai ya ɗaga ya juya, ya kai wannan gefe kunne, ya kai wancan, mutane su ce dubi yadda gwani yake bincike.

Mutum ɗaya ce ta sani a duniya, matarsa Bara'atu. Satinsu ɗaya da aure ta yi masa magana sau uku daga hagu yana cin tuwo, bai ko ɗaga kai ba, ta shiga ɗaki ta sha kukanta tana cewa tun yanzu ya gaji da ita. Kwana biyu ta gane. Ba ta ce masa ta gane ba. Ta dai mayar da tabarmarta hannun damansa, nan take ajiye masa ruwa, nan take zama, ta nan take kiransa. Shekara goma sha bakwai suna haka, shi ya san ta sani, ita ta san ya san ta sani, maganar ba ta taɓa fitowa daga bakin kowa ba.

Sai aka ba Zamfara jiha, Gusau ta cika da sababbin gidaje da sababbin masu gida. Cikinsu akwai Alhaji Muhammad Sani, babban ɗan kasuwar hatsi daga Tsafe, wanda ya gina gida mai bene a Damba don kada a ce ba shi da ƙofa a babban birni. A hajjin alif ɗari tara da casa'in da takwas ya sayo kayan sauti a Jidda: na'urar faifan Sidi, da babbar amfilifaya mai nauyin buhun masara, da sifika biyu kowace ta kai ƙirjin mutum. Aka kwance, aka jona, aka kunna, fitilu suka kama, faifai ya juya, shiru kake ji. Ko mai kantin bai yi bayani ba, ko ya yi da Larabci Alhaji ya yi ta gyaɗa kai, Allah masani. Aka nemo wani dillalin kayan sauti daga Kano, Zaharaddeen, ya duba ya ce akwatuna biyu suka rage a tsakani, zai kawo iri biyu na kowane, na hannu amma masu kyau, a zaɓa. Alhaji ya ce ba mai zaɓa masa sai Ɗanlami.

Ran da za a je, da safe, Bara'atu ta ajiye masa koko a dama, ta zauna, ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Malam," ta ce, "kayan ga da anka ce Alhaji ya sawo, an ce baki biyu ag gare su, guda nan guda can, kuma ba su ɗaukuwa a hannu."

"To, sai mi?"

"Ka ce a ba ka su ka zo da su gida. Ko ka ja shi waje guda, shi kaɗai, ka hwaɗa mai gaskiya."

"Wace gaskiya?"

Ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta na hagu, ta sunkuyar da kai. Ɗanlami ya ji kamar ta tuɓe masa riga a kasuwa. Ya ture kwanon kokon, ya ɗauki hularsa ya fita, ko sai na dawo bai ce ba.

Falon Alhaji cike yake da abokan kasuwancinsa, mutum bakwai ko takwas, an zazzauna a kan kafet ana shan lemo. Ba wuta, janareta yana ta gurnani a bayan tagar dama. Zaharaddeen, ɗan gaye da agogo mai sarƙa, ya jera akwatunansa huɗu yana bayani da bakin Kano mai santsi.

"Ka ga faifan nan, Malam, ba murya ce a ciki ba kamar kaset. Lambobi ne zalla. Ita na'urar karantawa kawai take yi. Sai an sami akwatin da zai mayar da lambobin su zama sauti."

Ya faɗi sunan akwatin da Turanci, dogon suna. Ɗanlami ya ce, "Tafinta ke nan."

Aka yi dariya, Alhaji ya ce wallahi yanzu ya gane.

"Wannan kuma," in ji Zaharaddeen, "shi ke karɓa daga tafintan naka, ya daidaita, ya rage ko ya ƙara, sannan ya miƙa wa babbar amfilifaya."

"Linzami," in ji Ɗanlami. Aka sake yin dariya. Ransa ya yi fari, ya ji ya kama falon a hannu.

Sai Zaharaddeen ya jawo kujera guda ya dasa ta a tsakiyar ɗaki, daidai tsakanin sifikun biyu, taku huɗu daga kowace.

"Nan ake zama. Kuma ba a juya kai, Malam, gaba ake kallo. Wannan ta ba kunnen dama, wannan ta ba na hagu, su haɗu a tsakiya. Shi ne sitiriyo."

Ɗanlami ya dubi kujerar. Ga Alhaji da manyan mutane a ƙasa, shi yaron mai niƙa an ɗora shi a kan kujera, duk ido a kansa. Ya zauna.

Aka sa faifan karatun Alƙur'ani. Tafinta na farko ya kawo muryar da kaifi, tana sukar kunne a kan wasu haruffa. Na biyu ya kawo ta da taushi, har numfashin mai karatun ana ji. Wannan ba wuya, kunne ɗaya ya isa. "Na biyu," ya ce, Zaharaddeen ya jinjina kai da gaske, don ya san an yi daidai.

Aka zo kan linzami, ɗaya baƙi, ɗaya fari kamar azurfa. Baƙin ba laifi. Farin kuwa da aka jona, abin da ya shigo kunnen Ɗanlami na dama bai taɓa jin irinsa ba tun da aka haife shi, murya tas, mai zurfi, kamar ruwan randa. Amma abin da ke fita ta hagu fa? Ya san abin da ya kamata ya yi. Ya tashi ya taka taku huɗu, ya duƙa ya kai kunnen dama jikin sifikar hagu. Ko ya ce a sauya wayoyin, na nan su koma can. Ko ya ce a ba shi ya je da su gida, kamar yadda matarsa ta ce. Har ya ɗaga ƙafa.

Sai wani daga cikin baƙin ya ce da na kusa da shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ka tsaya ka ga aiki. Shi wanga ba shi saurare sau biyu."

Ɗanlami ya mayar da ƙafarsa. Ya lumshe ido, ya ce, "Hwarin. Ɗauka."

To, a sifikar hagu akwai wani siririn kuka, tsiii, ba tsayawa, kamar gyare ya maƙale a bayan tukunya. Duk wanda ke falon nan mai kunne biyu ya ji shi. Mutanen da ke zaune a hagu sun ji, suka dubi juna, suka dubi kafet. Wa zai buɗe baki ya gyara wa Ɗanlami ji, a gaban Alhaji, a gidan Alhaji? Alhaji da kansa ya ji, ya ce a ransa ƙila haka faifan Sidi yake, tunda gwani bai yi magana ba. Zaharaddeen ya ji tun a Kano, shi kam ya naɗe wayoyinsa da sauri ya ce yana son ya kama hanya kafin la'asar. Mutum tara, kunne goma sha takwas lafiyayyu, aka rasa mai cewa uffan. Kara suke kira wannan, wai mutunci ne. Da ɗaya ya yi rashin kunyar minti guda ran nan, da Ɗanlami ya ji haushi ya huce.

Ya koma gida da turmin shadda da Alhaji ya ba shi, ya ajiye a gaban Bara'atu. Ta ce Allah ya sa albarka. Ba ta tambaya ba.

Bayan wata biyu, damina ta zauna, Alhaji ya yi walimar shiga gida, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Aka zo daga Tsafe mota-mota. Aka gayyaci Ɗanlami, ya sa shaddar nan, aka ba shi wuri a gaba kusa da kayan, ana nuna shi ana cewa shi ne ya zaɓa. Karatu yana tashi, falo ya cika har ƙofa.

Sai ga Iya, mahaifiyar Alhaji, an kawo ta ta ga gidan ɗanta. Tsohuwa ce ta haura tamanin, ta wuce shekarun jin nauyin kowa. Ta shigo falon maza da sandarta, aka dare mata hanya ana gaishe ta. Ta tsaya kusa da sifikar hagu, ta saurara, ta ƙwanƙwasa ta da sanda.

"Sani," ta ce, "gyare ya shiga akwatin ga. Ku hidda shi, yana ɓata karatu."

Ɗanlami ya kasa kunne, bai ji komai ba sai murya tas. Ya ga ido ya dawo kansa, ya ga Alhaji ya taso ya zo ya tsaya a bayan kafaɗarsa ta hagu, ya ɗauka hukuncinsa ake jira kamar kullum. Ya miƙe, ya karkata kai, ya lumshe ido, don kowa ya ga an yi aiki. Sannan ya yi murmushi ya ce da muryar mai lallashi:

"Ba gyare ba ƙwaro, Iya. Kayan ga lahiya lau suke. Tsuhwa ta, kunne shi ka gajiya."

Wani ya ce subhanallahi a hankali. Ɗanlami ya juya ya ga fuskar Alhaji, bai taɓa ganin ta haka ba.

"Ɗanlami," in ji Alhaji, kuma bai ɗaga murya ba, "sau biyu ina yi maka magana nan ga kunnen ga. Na ce ka ce waya ta ta kwance, ka duƙa ka taɓa, mu kashe shi mu ci abinci. Sau biyu. Ban ga ka motsa ba. Ashe ba ka ji ba."

Alhaji ya ƙura wa kunnen ido.

"Ashe ba ka ji da shi. Kuma kai ka hwaɗa ma uwata kunnenta ya gaji."

Ba wanda ya tura shi. Ɗanlami da kansa ya taka taku huɗun nan, ya durƙusa da sabuwar shaddarsa a gaban mutanen Tsafe da na Gusau, ya juya kai ya manna kunnen dama a jikin sifikar hagu. Ga shi nan. Tsiii. Ƙarara, ko yaro ya ji. Ya daɗe a durƙushe, don bai san yadda zai tashi ba.

A bayansa wani ya ce, "Ni dai tun ranan na ji shi."

"Wallahi ni ma," in ji wani.

"Dud mun ji."

Sai ran nan bakinsu ya buɗe.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama kasuwa. Ba a daina kawo masa gyara ba, don hannunsa bai mutu ba. Zaɓen ne aka daina. Uba zai sayi rediyon 'yarsa ya wuce ta gaban rumfar, ya ɗaga hannu daga nesa. Ƙartin layin nan duk suka miƙe wuyansu a rana ɗaya, har akwai mai cewa shi dama bai taɓa yarda da karkata kan nan ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ihun. Mutumin da suka shekara ashirin suna hira a hankali sai ya zo ya tsaya a damansa, a kunnen da ya fi na kowa ji a garin, ya daka masa tsawa, "INA KWANA, ƊANLAMI!" wai tausayi ne. Shekara ashirin da wani abu yana zaɓa musu, bai taɓa kuskure ba sai sau ɗaya, kuma duk rediyon da ya ce a ɗauka suna nan suna magana a ɗakunan matansu. Ba wanda ya tuna da wannan.

Alhaji ba mugu ba ne. Ya aiko direba da farin linzamin a cikin kwali, ya ce a gyara. Ɗanlami ya buɗe, bai kai rabin yini ba ya gano abin, wani ɗan kwandensa ne da bai fi ƙwayar gyaɗa ba ya kumbura a layin hagu. Ya cire ya sa sabo, ya like da dalma. Abin da ya rushe shi ke nan, ƙwayar gyaɗa.

Bai mayar ran nan ba. Ya ɗauko shi a kan keke ya kawo gida, ya aro amfilifaya da sifika biyu a layi, ya jona da rediyon kaset ɗinsa a tsakar ɗaki bayan la'asar. Ya ajiye sifika ɗaya nan ɗaya can. Ya jawo turmi ya kife a tsakiya, ya ce da Bara'atu ta zauna.

"Gaba za ki kalla," ya ce. "Ba a juya kai."

Ta zauna, ya kunna karatu. Ya tsaya yana kallon fuskarta.

"Akwai kuka ga hagu?"

"Babu. Tas yake."

"Ki ƙara saurare."

Ta ƙara. "Babu, Malam."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta tashi za ta koma wurin girki, ya ce ta dakata. Ya zauna a kan turmin da kansa, ya miƙe wuya sosai kamar yadda ɗan Kano ya ce, ya kalli gaba.

"Bara'atu," ya ce, karo na farko a shekara goma sha bakwai, "in mutum na ji da guda biyu, ƙaƙa abin yake?"

Ta dubi sifikun. Sannan ta zagayo ta damansa, ta nuna masa da yatsa wurin da ke tsakanin sifikun biyu, inda babu komai sai bango da ƙusar rataye hula.

"Ba daga akwatunan yake hitowa ba," ta ce. "Kamar mutumin yana nan zaune, tsakiya. Nan daidai."

Ɗanlami ya ƙura wa wurin ido har kaset ɗin ya ƙare. Shi daga dama yake jin mutumin, cikin akwati, inda ya saba jin kowa.